Gawo ya tona wa fim asiri: hira kan finafinanmu a lokacin rabon kyaututtuka

Ga waɗanda data ba ta kai su sauraron murya ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba. Yau daga gida na ɗauki shirin, a ƙauyenmu da ke yankin Dambatta, saboda haka wanda ya ji kukan jaki ko ƙarar injin niƙa a bayan maganata ya yi haƙuri, maƙwabta ne, ba ni da ikon hana su.

To, kun dai san lokacin da muke ciki. Daga ƙarshen shekara har wajen watan Mayu, harkar fim ba ta da zance sai na kyauta. A yi AMAA, a yi Oscar a Amurka, a zo a yi AMVCA a Legas, ga kuma ƙananan bukukuwan karramawa da ake shiryawa a nan Arewa. Facebook ya cika da hoton jarumai sun ci ado, kowa riƙe da ɗan gunkinsa na ƙarfe. Sai musu ya ɓarke: wane ne gwarzo, wa aka zalunta, wa ya sayi tasa. Ni wannan musun bai taɓa ɗaɗa ni da ƙasa ba. Tambayar da nake so mu yi yau ita ce, su finafinan da ake fitarwa ɗin nan, suna da kyau kuwa? Amsata a gajarce: hoto ya gyaru sosai, labari kuma yana nan inda aka bar shi. Kuma ina da shaidu, sai dai shaiduna ba su taɓa taka ƙofar sinima ba.

Bari in ba ku labarin.

Bayan an gama yankan dawa, mu 'yan ƙungiyar matasan garinmu muka ce bari mu yi wa mutane majigi. Muka aro na'urar haska hoto, muka yi karo-karo muka sayi man janareta, muka ɗaure farin zanin gado a bangon firamare. Ni ne na zaɓi fim ɗin, don haka laifin a wuyana yake. Ba zan faɗi sunansa ba. Fim ne da aka yi ta yabo a intanet, an kashe masa kuɗi, kana ganin hotonsa ka san ba da wasa aka zo ba. Na zaɓe shi ne saboda na ji an ce akwai ƙauye a ciki, na ce to, yau mutanenmu za su ga kansu.

Minti ashirin na farko tsit kake ji. Gidan bene, motoci, falo mai kujeru kamar na ofishin gwamna. Yara sun saki baki. Sai aka zo wajen da jarumin ya talauce ya koma ƙauye wajen kawunsa, aka nuno shi a gona wai damina ce, yana noma yana kuka, kiɗan tausayi yana tashi. Ni har na fara jin wani abu a ƙirjina. Kawai sai na ji dariya ta ɓarke daga layin dattawa. Wani ƙanen kakana, mutumin da ya haura saba'in, ya nuna allon da sandarsa ya ce, "Kai ɗan nan, dubi gawon can." Na duba. Bayan jarumin ga itacen gawo nan ya yi lif da ganye, kore shar.

Ga 'yan birni da ba su gane abin dariyar ba: gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake kaɗe ganyensa, da rani yake tofo. Shi ya sa manomi ke son sa a tsakiyar gona, ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Duk yaron da ya taɓa kai abinci gona ya san wannan. Wato da rani aka je wani lambu na noman ban-ruwa aka ɗauki hoton, aka ce mana damina ce. Daga nan fa fim ya mutu. Suka koma duba yadda ya riƙe fartanya kamar mai shara, yadda yake taka kan kunya da takalmi sau-ciki, yadda kawun nasa ke da rumbu amma ba ko tunkiya ɗaya a gidan. Wata goggona ta ce, "Wannan gidan ba a taɓa kwana a cikinsa ba." Jarumi yana kuka, gari yana dariya, ni kuma ina tsaye kusa da janareta ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, tsohon nan ya kira ni. Ya ce shi tun yana yaro ya ga majigi, lokacin da mota ke zuwa gari-gari a haska wa mutane, ya ce ya ga Baban Larai, wancan tsohon fim na koyar da noma. Ya ce, "Wancan na gwamnati ne, wa'azin noma suke mana, mun sani. Amma mutumin cikinsa ya iya riƙe garma." Ban sami abin da zan ce masa ba sai "Gaskiya ne Baba."

Wani zai ce, haba, saboda itace ɗaya za ka kashe fim? Ni ba itacen ne ya dame ni ba. Abin da gawon ya nuna shi ne, cikin duk mutanen da suka yi aikin nan, daga marubuci zuwa darakta zuwa mai kyamara, ba wanda ya zauna da manomi na awa ɗaya ya yi masa tambaya. An yi hayar kyamara mai tsada, an tashi jirgin ɗaukar hoto sama, amma tambaya da ba a biyan ko sisi a kanta ba a yi ba. In kuwa ba ka san gonar mutum ba, ta yaya za ka san abin da ke hana shi barci?

Yanzu mu zo kan kyaututtukan, don a nan ne ake auna mu da sauran duniya, kuma ba na cikin masu cewa ba mu taɓuka komai ba. Masana'antar nan ba jiya ta fara ba. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi Shehu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Sangaya ya zo a ƙarshen shekarun 1990 ya mayar da abin kasuwa ta gaske. A 2020 fim ɗin The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda yawancin maganarsa Hausa ce, ya ci kyautar gwarzon fim a AMAA, Maryam Booth ta ci ta mataimakiyar jaruma, kuma shi Najeriya ta tura Oscar. A ƙarshen 2024 aka sake tura fim ɗin Hausa, Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, ga ta nan a kan hanyarmu in ka wuce Kazaure. Adam A. Zango na ciki. Wallahi ranar da na ji labarin na yi murna, kuma har yanzu ina ganin abin alfahari ne.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya kan yadda abin yake. Rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar yana da sharaɗi: dole yawancin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba. Wannan sharaɗin ne ya fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. Ka ga ke nan harshenmu ya ba mu ƙofar da wasu manyan finafinan Legas ba su da ita. Ƙofa ce kawai. Da aka fitar da jerin finafinai 15 da suka tsallake zagayen farko a watan Disamba na 2024, Mai Martaba ba ya ciki. Wanda ya ci a watan Maris na 2025 fim ne daga Brazil, I'm Still Here, labarin wata mata da sojoji suka ɗauke mijinta daga gida, ta zauna da 'ya'ya tana neman inda aka kai shi. Gida ɗaya, mace ɗaya.

A AMVCA ma lissafi ya canza. Da can Hausa tana da rukuninta ita kaɗai, a nan ne Daɗin Kowa ya ci a 2016, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. Daga 2024 aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni guda. Jagun Jagun ya ɗauka a 2024, Lisabi ya ɗauka a 2025, dukkansu na Yarbawa, dukkansu na yaƙi da sarauta da ɗaruruwan mutane a fage. To ga abin da nake tsoro: kada mu ɗauka cewa maganin abin shi ne mu ma mu tara dawakai da rawuna da takubba. In gasar kashe kuɗi za a yi, Legas za ta kayar da mu kullum, suna da gidajen sinima, suna da masu zuba jari. Fim ɗin tarihi yana da daɗi, ni ma ina so. Sai dai na lura muna da gidaje biyu kacal a fim yanzu, fadar sarki ta shekara ɗari biyu da suka wuce, da falon Alhaji na unguwar masu kuɗi. Tsakanin waɗannan biyun akwai miliyoyin mutane da kyamara ba ta san hanyar gidansu ba.

Kuma idan baƙauye ya samu shiga, kun san rawar da ake ba shi. Ko dai wawa ne da ya zo birni yana tsoron fanka, ko talaka abin tausayi da ke jiran ɗan birni ya cece shi. Allah Ya jiƙan Rabilu Musa Ibro, ya rasu a watan Disamba na 2014, shi ɗan Ɗanlasan ne, ya san ƙauye ciki da bai, shi ya sa ko yana wauta akwai wayo a ƙarƙashinta, kuma mutanen ƙauye da shi suke dariya. Da yawa daga masu kwaikwayonsa hular kawai suka ɗauka.

Bari in gaya muku finafinan da ke kwance a yankinmu ba wanda ya ɗauka, don kada a ce surutu kawai nake.

Nan ƙasar, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa, Dambatta, ba daji. Gona na jikin gona, gida na kallon gida. Ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara sai an noma ta, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan ana haka ba ta mutu ba. Har masana daga waje, irin su Michael Mortimore, sun shafe shekaru suna nazarin yadda aka yi hakan ta yiwu. Sirrin a wajenmu ba sirri ba ne: a ɗaure tumaki da awaki a gida duk damina, a tara taki, da rani a loda a mangala a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. A shuka gero, a sa dawa, a soka wake a tsakani, in an kwantar da gero wake ya samu sarari ya yaɗu. Harawa ta koma bakin dabba, dabba ta mayar da taki. Ko kara ɗaya ba ya tafiya a banza.

Yanzu ka ɗauki gida ɗaya a nan. Uba ya rasu ya bar gona uku da 'ya'ya goma sha ɗaya daga ɗaki biyu. Gandu ya watse. An zo rabo, kowa ya samu abin da bai fi a yi masa kunya ashirin ba. Babban wa yana so a ci gaba da noma tare. Ƙaninsa yana so a yanka masa nasa ya sayar ya sayi babur. 'Yan mata an ce a ba su kuɗi a madadin ƙasa, ɗaya ta ce ita ƙasarta take so, mijinta na zuga ta, uwarta na roƙonta ta bari. Ashe kuma marigayin ya jinginar da gona ɗaya shekara shida da suka wuce lokacin da aka kwantar da matarsa a asibiti, ba takarda, shaidu biyu ne, ɗaya ya rasu. Ga dillalin filaye yana zagaye da mota, don birni yana matsowa, wanda ya bi ta wajen Dawanau ya ga yadda gonaki ke komawa fuloti. Ku gaya min, wane falon Alhaji ne ya kai wannan zafi? Ba mugu ko ɗaya a labarin, kowa yana da gaskiyarsa, kuma duk wanda ya ci, gidan ya yi asara. Ba ka buƙatar doki ko ɗaya. Gida ɗaya, gona ɗaya, damina ɗaya.

Ban ƙirƙiri wannan don shiri ba. Rabinsa a danginmu ya faru, kuma ƙanin da ke son babur ɗin ɗan'uwana ne, muna kwana ɗaki ɗaya in na zo gida. Wannan ne ya sa maganar fim ta wuce nishaɗi a wajena. Ni aikina shi ne in tara samari in ce musu kada su sayar da ƙasa, in ce noma sana'a ce, a yi ƙungiya, a nemi iri mai kyau, a shiga noman rani a Tomas ko Watari. Ina samun su awa ɗaya a wata. Waya kuma tana samun su awa uku kowane dare, kuma abin da take nuna musu shi ne mutum ba ya zama mutum sai ya bar nan. Ba na cewa fim ne ya sa taki tsada, ko fim ne ya cire tallafin mai a 2023. Talauci gaskiya ne, kuma wani lokacin tafiyar ita ce daidai. Amma yaro ya kai shekara ashirin bai taɓa ganin mai kama da ubansa a allo ana girmama shi ba, wannan ma yana aiki a zuciya.

Na san uzurin da za a kawo, kuma wasu uzurin suna da ƙarfi. Na farko, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Gaskiya ne tana takurawa, ko a watan Mayu na 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kai su tacewa kafin a saki. Ana iya yin shiri guda kan wannan. Amma ku dubi Iran. Tacewar da ake yi a can ta fi tamu tsanani, mace ba ta fitowa ba lulluɓi, namiji ba ya taɓa mace a fim. A cikin wannan ƙuncin Asghar Farhadi ya ci Oscar sau biyu, a 2012 da 2017. Na farkon, A Separation, labarin miji da mata ne da ke son rabuwa, da tsohon uba mai ciwon mantuwa, da matar da aka ɗauka ta kula da shi. Wace hukuma ce za ta hana ka ɗaukar rabon gado?

Uzuri na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan dole mu masu kallo mu sunkuyar da kai. Da can furodusa yana kai kaset ko faifai Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya, ya mayar da kuɗinsa. Wannan kasuwar ta rushe. Tsofaffin gidajen sinima na Kano, su El Dorado da Plaza da Orion, sun zama tarihi. Fim ɗin da aka ce "ya fita a sinima" yau, a ɗaki ɗaya ko biyu aka haska shi a cikin birni. Mutumin garinmu in zai gani sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya sayi tikiti, ya kuma nemi wajen kwana in dare ya yi. Ba mai yi. Abin da muke yi shi ne ranar kasuwa mu miƙa waya a shagon masu turi, a cika mana ita da fim, da fassarar Indiya, da waƙoƙi, mu ba da 'yan canji. Ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya yi fim ɗin. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Kai, fim ɗin da muka haska a firamare ma, ban tambayi izinin kowa ba. To mutumin da ba ka biya ba, da wane baki za ka ce ya zo ya koyi yadda gawonka ke tofo?

Shi ya sa suka koma YouTube da talabijin, kuma YouTube yana da tasa dokar. Kuɗi na zuwa ne daga yawan kallo da tsawon zama, saboda haka labarin da zai ƙare a awa biyu sai a ja shi zango biyar. A yi sallama minti uku, a zauna, a kawo ruwa, a maimaita wa wani abin da muka riga muka gani da idonmu makon jiya. Izzar So ya nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo ta wannan hanyar, kowa ya bi. Akwai masu ƙoƙari a ciki, ban hana ba. Zangon farko na Labarina na Aminu Saira ya riƙe ni, Kwana Casa'in ya taɓo siyasa da ƙarfin hali, Daɗin Kowa kuma ya fi kowa kusantar rayuwar talaka, shi ya sa iyayenmu mata ke kiran 'yan cikinsa kamar maƙwabtansu. Amma a yawancin sauran, kana gani ka san da safen nan aka rubuta abin da ake faɗa. Jarumi an biya shi, mai kyamara an biya shi, mai gidan da aka ara an biya shi, marubuci kuma an ce masa Allah Ya saka.

Tun watan Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, ɗan gida wanda ya san ciwon. In da zan samu minti biyu da shi, ba zan roƙi katafaren ƙauyen fim ba, mun ga yadda na Ƙofa ya ƙare a 2016 tun ba a sa bulo ba. Zan roƙi abu biyu ƙanana. A sa kuɗi a rubutu, a biya marubuci ya je ya zauna wata biyu a inda labarinsa yake kafin ya rubuta layi ɗaya. Sannan a dawo da majigi ta hanyar da mai fim zai samu rabonsa: mota ɗaya, allo ɗaya, a bi kasuwannin ƙauye da kaka lokacin da mutane ke da ɗan abin hannu, a karɓi kuɗin shiga kaɗan, a raba da furodusa. Daren da muka yi namu, filin firamare bai ɗauke mutane ba, har daga ƙauyukan gefe aka zo a ƙafa. Masu kallo suna nan, ba a taɓa zuwa karɓar kuɗinsu ba ne ta hanyar da ta dace.

Mu dai a namu ɓangaren mun yanke shawara. Majigi na gaba za mu nemi mai fim ɗin tukuna, mu gaya masa, mu sa kwano a ƙofa, abin da aka tara mu tura masa ko bai taka kara ya karya ba. Kuma yara uku cikin ƙungiyarmu sun fara ɗaukar hirar dattawa da waya kan rabon gonar gidansu, su wane ne suka sayar, su wane ne suka riƙe, me ya biyo baya. Ba fim ba ne tukuna, murya tana shiga da iska, hoton yana rawa. Duk marubucin da ke so, ƙofa a buɗe take, akwai ɗaki, akwai tuwo, ya zo ya yi damina ɗaya da mu.

Tsohon nan kuwa ya aiko min da saƙo shekaranjiya. Ya ce in za a sake haskawa a gaya masa da wuri ya zo da tabarmarsa, amma a tambayi masu fim ɗin, wancan yaron da ke kuka a gona, wa ya ƙarasa masa noman, don inda ya tsaya ko kunya ɗaya bai fitar ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.